Ɗaurin Ƙafar Keke Mai Injin Lantarki: Aikin Da Ke Jiran Masu Gyaranmu

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Mora ta bi ta Kolofata, ta zarce Kerawa a gindin duwatsun Mandara, ya san cewa keke a wannan yanki shi ne jakin talaka. A kansa ake ɗora buhun albasa da na masakwa, da shi ake ɗebo ruwa da itace, kuma a kariyarsa ake goyo mara lafiya zuwa asibiti. Kekuna irin su Raleigh na Ingila, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya, sun daɗe suna wannan bauta tun zamanin iyayenmu.

Abubuwa biyu sun ƙara wa keke daraja a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne rashin tsaro. Ranar 27 ga Yuli, 2014, 'yan Boko Haram suka faɗa wa Kolofata, suka tafi da mutane, ciki har da Lamiɗon garin da kuma matar Amadou Ali, Mataimakin Firayim Minista na wancan lokaci. Ranar 12 ga Janairu, 2015, suka sake dawowa kan sansanin soja. Da yake a kan babura maharan suke shigowa, tun cikin 2014 hukuma ta taƙaita zirga-zirgar babura a garuruwan kan iyaka, mutane da yawa suka koma wa kekunan da suka jingine. Na biyu kuwa shi ne tsadar mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Nijeriya ta janye tallafin man fetur, sai zuwa-zuwa da ake shigowa da shi ta Banki da Amcide ya daina araha. A gidajen mai na Kamaru ma litar fetur ta tashi zuwa sefa 730 cikin Fabrairun 2023, ta kai 840 cikin Fabrairun 2024.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan hankalin mai keke ya koma kan injin lantarki, wanda ake iya saya daban a ɗaura wa keken da mutum yake da shi. Wutar cajinsa ma ta fara samuwa. Ban da madatsar Lagdo kusa da Garwa, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980, an buɗe tashoshin hasken rana a Marwa da Gider cikin 2023, ga kuma faifan sola a kan rufin gidaje da shaguna. To, amma akwai wani abu da mai saye ya kamata ya sani kafin ya kwance lalitarsa. Irin injin da ya fi yawa a kasuwa a tsakiyar ƙafar keke yake zama, watau shi ne cibiyar ƙafar. Sai an ɗaure shi da rim da hannu, waya bayan waya, kuma ingancin wannan ɗauri shi ne zai nuna ko kuɗin mutum ya yi rana ko ya faɗa rijiya.

Yadda ƙafar keke take ɗaukar kaya

Mai karatu ya dubi ƙafar kekensa. Abubuwa huɗu ne suka haɗa ta: rim, da cibiya, da siraran wayoyin nan da suka haɗa su, waɗanda wasu ke kira sifok irin kiran Nijeriya, wasu kuma reyon irin na Faransanci, sai kuma 'yan ƙananan noti na tagulla da ke riƙe kowace waya a jikin rim. Idan ka ɗauki waya ɗaya ita kaɗai, da yatsu biyu za ka lanƙwasa ta. Amma ga shi ƙafar da ba ta fi kilo biyu ba tana ɗaukar ƙato da buhun dawa.

Sirrin yana cikin jan da aka yi wa wayoyin. A ƙafar da aka ɗaure da kyau, kowace waya tana miƙe da ƙarfin da ya kai kimanin nauyin kilo 100, tana jan rim zuwa tsakiya. Idan wayoyi 36 ne, to, jimillar jan ya kai tan uku ko fiye. Sa'ad da aka ɗora kaya, 'yan wayoyin da suke ƙasa, daidai inda taya ta taɓa hanya, su ne jansu yake raguwa kaɗan, da ƙafar ta juya kuma sai su koma yadda suke. Muddin akwai sauran ja a jikinsu ko da an yi lodi, ƙafa tana nan daram. Amma in ɗaurin ya yi sako-sako, to, duk juyi ɗaya sai wayar ƙasa ta saki gaba ɗaya sa'an nan ta fizgu. Noti ya riƙa kwancewa da kansa, gwiwar waya da ke jikin cibiya ta riƙa motsi har ta gaji ta karye. Da ɗaya ta tafi, maƙwabtanta sun shiga uku, domin kayanta ya koma kansu.

Wannan dabara ta daɗe. Wani maƙeri a Faris mai suna Eugène Meyer ya yi rajistar ƙafar keke mai wayoyi jaye cikin 1869. Cikin 1874 kuma James Starley na birnin Koventiri a Ingila ya fito da ɗaurin gicciye, inda wayoyi ke barin cibiya a karkace suna haye juna. Amfanin gicciyen shi ne, sa'ad da feda ko inji ya murɗa cibiya, wayoyin da suka karkata baya su ne ke jan rim ya biyo. Shi kansa injin lantarki a cikin cibiya ba sabon abu ba ne, don kuwa cikin 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai batir da inji a ƙafar baya.

Ƙirga ramuka kafin ka biya kuɗi

Matsala ta farko da za ta tari mai keke a Kolofata ita ce ta ramuka. Kekunanmu na dako masu ƙafa inci 28, da yawansu sun gaji tsarin Ingila ne: ramuka 32 a rim ɗin gaba, 40 a na baya. Injin lantarki kuwa galibi da ramuka 36 yake zuwa, 18 a kowane gefe. Cibiya mai 36 ba ta auren rim mai 40. Ana iya tsallake wasu ramuka a cusa ta da ƙarfi, amma wayoyin ba za su zo tsawo ɗaya ba, jansu ba zai daidaita ba, kuma irin wannan ƙafa ba ta daɗewa. Don haka sai a nemo rim mai ramuka 36.

Wajen neman rim ɗin ma sai an lura, domin ba duk inci 28 ne ɗaya ba. Na kekunan dako faɗinsa milimita 635 ne, akwai kuma wani da shi ma ake ce wa 28 mai milimita 622, sa'an nan na kekunan hawan dutse da ake kawowa na hannu, masu inci 26, milimita 559 ne. Ana rubuta wannan lamba a gefen taya. In aka sauya girman rim, taya da tub sun sauya, birki kuma ba zai kai inda ya saba kamawa ba, musamman birkin sanda irin na Phoenix, wanda ke kama cikin rim daga ƙasa kuma yake bukatar irin nasa rim ɗin. Wanda ya samu rim mai bango biyu a girman da yake so, ya fi masa, domin ya fi jure nauyin inji.

Abu na uku shi ne faɗin wurin da ƙafa ke shiga. Injin baya yakan bukaci milimita 135 tsakanin hannuwan firam, na gaba kuwa 100. Tsohon keke mara giya bayansa bai kai 135 ba. Firam na baƙin ƙarfe yana yarda a ɗan buɗa shi a hankali, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi. Duk waɗannan abubuwa uku da ƙirge da awo ake gane su, kuma gara a yi su a gida kafin a aika Marwa ko Garwa a sayo kaya.

Kaurin waya da tsawonta

Yawancin mutane za su ce, tun da inji yana da nauyi da ƙarfi, sai a sa masa wayoyi masu kauri irin na babur. A nan ne da yawa ke tafka asara. Wayar keke ta yau da kullum, mai lamba 14, kaurinta milimita 2 ne. Mai lamba 13 tana da 2.3, mai lamba 12 kuma 2.6. Waya tana aiki ne kamar roba: sai ta ɗan miƙe sa'an nan take riƙe janta. Mai kauri ba ta miƙewa sai an ja ta da ƙarfin da rim ɗin keke ba zai iya ɗauka ba. In an ja ta yadda take so, ramin rim ya tsage. In an bar ta daidai ƙarfin rim, to, ba ta miƙe ba, da an faɗa rami ɗaya sai ta saki. Shi ya sa ƙafafun da ke zuwa a ɗaure daga masana'anta da wayoyi masu lamba 12 suke yawan kwancewa. Ga rim ɗin keke, lamba 14 ko 13 ta wadatar. In ramin jikin inji ya yi wa wayar faɗi, sai a sa ɗan wasa na tagulla a wuyanta don gwiwar ta zauna sosai. Wayar da ba ta tsatsa ta fi tsada, amma ita ta fi jure damina.

Sai batun tsawo. Wayar ƙafar inci 28 takan kai milimita 300 ko ta ɗan haura. Amma inji ya cinye tsakiyar ƙafa, saboda haka wayarsa gajera ce. Babban inji mai faɗin faranti, wanda nauyinsa kan kai kilo 6 ko 7, in aka ɗaura shi a rim mai inci 26, wayarsa ba ta wuce milimita 170 ba. Ƙaramin inji mai giya a ciki, mai kilo 3 ko 4, tasa ta fi haka tsawo. Kuskuren da ya wuce milimita 2 yana ɓata aiki: gajera ba ta cika noti, sai notin ya tsinke, doguwa kuma zarenta ya ƙare kafin ta ɗauru, ko ta leƙo ta huda tub.

Ga yadda ake awo. A yanke tsofaffin wayoyi biyu, kowace milimita 200 cif, a ɗaura musu noti har bakin waya ya zo daidai da tsagar kan notin. A zura su a ramuka biyu masu fuskantar juna, a ja su, a auna tazarar da ta rage a tsakani, a ƙara 400. Wannan shi ne ainihin faɗin rim daga noti zuwa noti. A maimaita a wurare biyu ko uku, don rim ba ya rasa ɗan karkata. Sa'an nan a auna faɗin da'irar ramukan inji, da nisan kowane gefe daga tsakiyar cibiya. Akwai shafuka a intanet da ke yin lissafin kyauta, kuma wayar hannu ta isa. Wanda zai yanke doguwar waya ya rage ta, ya sani cewa zaren waya ta asali murza shi ake yi da na'ura, ba a sassaƙa shi. Zaren da aka sassaƙa yana rage kaurin ƙarfen, kuma nan ne yake karyewa.

Gicciye nawa?

A keke na yau da kullum kowace waya tana haye uku kafin ta kai rim, mai ramuka 40 ma har huɗu. Mai gyaran da hannunsa ya saba da haka zai so ya yi wa inji irin wannan ɗauri, amma ba ya yiwuwa. Da yake cibiyar tana da faɗi, in aka yi gicciye uku, waya za ta iso rim a kwance ƙwarai, ta lanƙwashe a bakin noti, kuma nan za ta karye. Babban inji gicciye ɗaya yake so. Ƙarami yana ɗaukar ɗaya ko biyu. Ba a rasa ƙarfi da haka, domin faɗin cibiyar da kansa yana ba wayoyi dogon hannun da za su juya rim da shi. Abin dubawa shi ne noti da waya su tsaya a layi ɗaya, ba tare da gwiwa a tsakaninsu ba.

Ɗaurin kansa

Ana raba wayoyi 36 kashi huɗu, tara-tara. Kafin a fara, a tsoma zaren kowace a ɗan mai, a kuma ɗiga mai a ramukan rim, don noti ya juya ba tare da ya murɗe waya ba. A lura cewa ramukan rim ba a layi ɗaya suke ba: ɗaya ya karkata dama, na gaba hagu, kuma kowane rami na gefen da ya karkata ne.

Tara na farko suna shiga gefe ɗaya na inji, ana tsallake rami ɗaya-ɗaya. A jikin rim kuwa ana farawa kusa da ramin bawul, a sa ɗaya a tsallake uku. Tara na biyu suna shiga ɗaya gefen, kowace a ramin da ke bin na 'yar'uwarta ta farko. Daga nan sai a murɗa injin ta yadda wayoyin da ke kusa da bawul za su kauce masa, don bakin famfo ya samu wurin shiga. Tara na uku da na huɗu suna tafiya ta ɗaya fuskar, kowace ta haye ɗaya ta shiga raminta. A gajerun wayoyi irin waɗannan ba sai an saƙa wata ƙarƙashin wata ba.

Idan duk sun shiga, sai a murɗa kowane noti har zaren waya ya ɓace daidai, ba ƙari. Wannan ne ke sa kowa ya tashi daga wuri ɗaya. Daga nan a fara daga bawul, a ba kowane noti juyi ɗaya, a zagayo, a sake, har wayoyi su fara ƙara in an taɓa su. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a wannan aiki haka abin yake: wanda ya ɗaure gefe ɗaya tamau kafin ya je ɗayan, zai wuni yana bin rim ɗin da ya zama ƙwai.

Ba dole sai da teburin saiti ba. A kifa keke, a sa ƙafar a wurinta, a ɗaure ɗan tsinke ko alli a jikin firam yana kusan taɓa rim. Inda rim ya kauce dama, a ƙara jan wayoyin hagu na wurin, a ɗan sassauta na dama, rubu'in juyi kawai a lokaci guda. Inda ya yi tudu, a ƙara jan na gefe biyu tare. Ana so kaucewar ta dawo ƙasa da milimita ɗaya. Sa'an nan a tabbata rim yana tsakiyar firam, domin injin baya yana da wurin firiwil a dama, wanda ke ture cibiya gefe. A jera gwangwanaye uku masu tsawo ɗaya a kan daɓe mai kyau, a kwantar da rim a kansu, a auna daga ƙasa zuwa notin da ke zama a jikin firam, a juya ƙafar a sake aunawa. In awon biyu ya zo ɗaya, rim yana tsakiya.

Saura abubuwa biyu da ke raba gwani da ɗan koyo. Na ɗaya, kunne. A kaɗa kowace waya kamar tsirkiyar garaya. Duk na gefe ɗaya ya kamata su yi murya ɗaya, ko da yake a ƙafar baya na dama sukan fi na hagu zaƙin murya. Ƙafar da ta miƙe a ido amma wayoyinta kowace da muryarta, ba za ta yi wata guda a miƙe ba. Na biyu, matsa. A sa safar hannu ko tsumma, a kama wayoyi bibbiyu a matse su da ƙarfi, a zagaye ƙafar duka, sa'an nan a sake saiti. Wani injiniya a Amurka, Jobst Brandt, wanda ya wallafa littafi a kan ƙafar keke cikin 1981, ya bayyana cewa wannan matsa ce ke sauke gajiyar da ta maƙale a gwiwar waya tun daga lanƙwasa ta, kuma tana ƙara mata kwana ƙwarai. A ƙarshe a shafa cikin rim da yatsa, a goge duk wayar da ta leƙo, a naɗa ƙyalle ko roba mai kauri kafin a sa tub.

Bayan an ɗaura

Sandar tsakiyar inji tana da gefe biyu a shafe, kuma duk ƙarfin da inji ya tura taya gaba da shi, da irinsa sandar take neman juyawa baya a cikin firam. In bakin firam ya buɗe, sandar ta juya, ta tsinke igiyar wutar da ke fita ta cikinta, ko ma ƙafar ta fice ana cikin gudu. Maganin wannan ɗan ƙarfe ne mai kauri da ake huda shi daidai siffar sandar a ɗaure shi a jikin firam, kuma kowane maƙeri ko mai walda zai iya yin sa. Igiyar wutar kuma a sa ta fito ta ƙasa ta ɗan yi lanƙwasa kafin ta hau, don ruwan sama ya ɗige ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga inji. Da damina, in mayo ya kawo ruwa har ya kai cibiya, gara a ɗauki keken a ka. A Turai doka ta tsayar da irin wannan keke a wat 250 da gudun kilomita 25 a awa, kuma ga mai birkin sanda da buhu a baya, wannan ma ya isa gudu.

Bayan mako guda ana hawa, a mai da ƙafar wurin wanda ya ɗaure ta ya sake kaɗa wayoyin. Mai keke kuma ya ajiye wayoyi uku ko huɗu na tsawon nasa a ɗaure a jikin firam, domin irin wannan tsawo ba a samun sa a kowace rumfa. A hanyoyin da ake so kowa ya shiga gari kafin rana ta faɗi, ƙafar da ta karye a daji ba ƙaramar masifa ba ce, ga inji da batir masu nauyi da ba a iya bari a baya.

Inji daga ƙasar Sin zai zo, batir ma haka, amma ɗaurin ƙafa a nan gida za a yi shi. Masu gyaran keke na Kolofata da Mora da Kerawa sun riga sun iya rabin aikin, tun da shekara da shekaru suna miƙe ƙafafun da buhunan albasa suka karkatar. Abin da ya rage musu shi ne ma'aunin milimita, da rage gicciye, da barin wayar babur ga babur. Muna kira ga 'yan kasuwar kayan keke na Marwa da Garwa da su riƙa kawo rim mai ramuka 36 da gajerun wayoyi masu lamba 13 da 14. Shi kuma mai saye, ya biya mai ɗauri ladan yini guda cur, kada ya tsaya masa a ka yana duba agogo.